Farar Ƙasa a Kan Jan Fenti

Tun daga bakin lungu na hango bangon gidanmu, nan take na ja na tsaya. Duk gidajen layin suna nan yadda na bar su sati uku da suka wuce, kowanne da jar alama a ƙirjinsa da lamba a ƙarƙashinta. Ɗari biyu da sha ɗaya, ɗari biyu da sha biyu, sai wani bango fari fat yana ɗaukar ido a rana, sai ɗari biyu da sha huɗu.

Inna na zaune a ƙofar gida kan 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafafu, ta baje tafukan hannu a cinya. Duk sun tsattsage, farar ƙasa ta cinye su.

"Ka ga aikina?" ta ce, tun kafin in durƙusa in gaishe ta. "Shafe uku na yi masa. Wannan jan naku taurin kai gare shi, ka rufe shi da safe, da rana ya leƙo."

"Inna, yaushe kika yi wannan?"

"Washegarin tafiyarka."

"Masu ɗaukar hoto sun zo?"

"Sun zo ranar Talata. Suka tsaya gidan maƙwabciyata Mai Niƙa suka ɗauke ta, suka tsallake ni, suka ɗauki na gaba. Ko kallon ƙofata ba su yi ba." Ta gyara ɗaurin kallabinta, fuskarta cike da jin daɗi. "Ka ga Allah ya rufa asiri."

Na zauna a dakali, na cire hula na riƙe a hannu. A duk unguwar nan ni kaɗai na san abin da tsohuwar nan ta yi wa kanta. Shekara hamsin da ɗaya tana cikin gidan nan, ga shi da bokiti ɗaya na farar ƙasa ta goge sunanta daga cikin waɗanda za a ba wurin zama. Kuma ni ne ban gaya mata ba.

* * *

Shekarata sha tara a ma'aikatar hanyoyi. A takarda ina da wani dogon sunan muƙami wanda ni kaina sai na duba katin aiki nake tuna shi, amma a gari Mai Ja ake ce mini. Safiyo, mai awon ƙasa, ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku ya leƙa, ya ɗaga hannu ya nuna bango, ni kuma in tsoma burushi in ja layi biyu a gicciye, in rubuta lamba. Shi ke nan aikina. An zage ni da harsunan da ban taɓa ji ba, an watsa mini ruwan wanke-wanke, wata mata ta taɓa bi na da tsintsiya har bakin mota. Da farko abin yakan hana ni cin abinci. Daga baya na daina kallon fuskar masu gida, bango kawai nake kallo, na tarar hakan ya fi sauƙi.

Aikin kuwa hawa uku ne. Mu ne na farko. Bayanmu sai masu rajista, su zo ranar da suka ga dama ba sanarwa, su tsayar da mai gida a gefen alamar, su ɗauke shi hoto da lambar a bayyane. Wanda hotonsa ya shiga fayil shi ake ba ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a sabuwar unguwa, can bayan gari. Na uku katafila. Saboda haka jan nan da kowa ke tsine wa shi ne kaɗai shaidar cewa hukuma ta san an taɓa zama a wurin. An buga wannan bayanin a jarida sau ɗaya, a shafin ciki. Ban san mutum ɗaya a layinmu da jarida ke shiga hannunsa ba, in ban da mai kantin da ke naɗe sabulu da ita.

Shi kuma titin, daga wannan iyakar ƙasa ya taso zai je waccan iyakar. Na ga taswirarsa ta farko a bangon ofis. Ya miƙe sambal, ya huda duwatsu, ya haye koguna uku, bai kauce wa kowa ba. Da ya iso babban birni sai hanyarsa ta bi ta tsakiyar unguwar manya, ta ci gidaje sha huɗu da rabin filin da suke zuwa shan iska da yamma. Aka yi taro, aka sake taro. Wata Litinin muka zo muka tarar an sauya taswira. Titin da dutse bai tanƙwara ba ya yi gwiwa, ya zagaye gidaje sha huɗu, ya faɗo kan gidaje ɗari shida. Na tambayi oga safiyo dalili, ya ce ƙasar can ba ta da ƙwari. Na ce ikon Allah, ƙasar da ta ɗauki benaye hawa uku-uku. Ya ce in je in wanke burushi.

Ban gane gwiwar ta kai gidanmu ba sai ranar da muka shiga lungun. Oga ya leƙa, ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya kan bangon da na dafa na koyi tafiya. Inna ta tafi asibiti karɓar maganin hawan jini. Na gode wa Allah da ba ta nan, kuma har yau ina jin kunyar wannan godiyar. Na ja layi biyu, na rubuta ɗari biyu da sha uku, na wuce gaba da sauri. Da yamma aka kwashe mu zuwa wani yanki na titin a wajen gari, aikin sati uku. Waya kullum tana aljihuna. Nakan ciro ta in nemo lambar Inna, in tsaya ina kallo, in mayar. Na yi ta ce wa kaina irin wannan magana sai baki da baki.

* * *

"Inna, don me?" na tambaye ta, bayan ta kawo mini ruwa na sha. "Kin zaci in kin goge ba za a rushe ba?"

Ta yi mini kallon da take mini ina yaro in na faɗi wauta. "Ni yarinya ce? Abin da hukuma ta sa wa ido ai ya tafi. Ba don gidan na yi ba."

"To don me?"

"Na dawo daga asibiti na tarar mata sun taru a nan. Mai Niƙa na cewa, 'Iya, ɗanki ya zo ya yi miki ado.' Kowa na dariya. Wani can ya ce wai ko uwarsa bai ƙyale ba." Ta kau da kai ta kalli lungu. "Na duba na ga hannunka ne. Ukun nan naka mai ƙaton ciki, tun kana aji ɗaya haka kake rubuta shi. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya nuna. Zan zauna ne a ƙarƙashinsa ana zaginka a kaina? Na ce in za a rushe a rushe, amma ba da hannun ɗana a jiki ba."

Na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun sati uku, hoto, fayil, ɗaki biyu a bayan gari. Ta saurara, tana murza babban yatsa a tsagar tafinta.

"To ai da sauƙi," ta ce. "Ba kai ne mai jan ba? Mayar da shi."

Haka kuwa na yi, ban tsaya tunani ba. Washegari da sassafe na biya ta sito na ɗauko gwangwanina, na zo na mayar da alamar daidai inda take, da lambarta. Inna ta shiga ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta zo ta tsaya ƙyam a gefe, na ɗauke ta da wayata. Mai Niƙa, maƙwabciyarmu da suka shekara talatin suna faɗa a kan kwata ɗaya, ta leƙo ta kan katanga.

"Iya, adon ya dawo ke nan?"

"Ya dawo," in ji Inna. "Na ga naki ya yi miki kyau ne, na kasa haƙuri."

* * *

Ofishin rajista ɗaki ne a hawa na biyu, fanka ɗaya, fayil a ƙasa har gwiwa, benci a waje. Kwana huɗu na yi a kan bencin kafin a kira ni, duk da katin aikina na rataye a wuya. Malamar rajista mace ce mai tabarau. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Ta danna kwamfuta, ta bi layi da yatsa.

"Ɗari biyu da sha uku. An rubuta ba a samu gini ba."

"Malama, a ginin aka haife ni."

"Ban musa ba. Abin da ke nan nake karanta maka."

Na miƙa mata wayar. Ta ɗan kalli hoton Inna da mayafinta, ta maido mini.

"Hoton waya ba ya shiga. Sai na kyamararmu, mai kwanan wata a jiki. Kuma an rufe rajista tun Juma'a."

"A taimaka a buɗe, mutum ɗaya ne."

"Ka ga bencin nan? Kowa a kansa mutum ɗaya ne." Ta cire tabarau ta murza idanu. "Rubuta takardar koke, za a tura mai bincike. Iyakar abin da zan iya ke nan, ɗan'uwa."

Na rubuta. Daga nan na shiga hawa benen nan da sauka. An ce takardar na wurin mataimakin darakta. An ce ya tafi taro. An ce ya dawo, amma mabuɗin durowa na hannun masinja, masinja kuma matarsa ta haihu. Na zama ɗan gida, har mai gadi ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga mini haɓa in wuce. Shekara sha tara ina aiko mutane wannan bencin, ban taɓa sanin yadda katakonsa ke cizo ba.

Katafila ba ta jira koke. Ta iso wata Laraba da safe, manyan motoci na biye don kwasar waɗanda hotonsu ya shiga. Aka ɗora injin Mai Niƙa, aka ɗora katifunta da jikokinta. Ta dawo ta kama hannun Inna biyu.

"Iya, in kin zo ki tambayi layin tankin ruwa. Zan ce a bar miki kusa da ni."

"Allah ya kiyashe ni," in ji Inna. "Can ma ƙarar injinki?"

Suka yi dariya, hawaye na zuba, ba wadda ta saki hannun 'yar'uwarta sai da direba ya matsa oda.

Masu tuƙa katafila suna da tasu dokar. Tun da aka kori wani don ya ture katangar da ba ta cikin takarda, ba wanda ke taɓa abin da ba a rubuta masa ba. Direban ya karanta lambar bangonmu, ya duba takardarsa, bai gan ta ba, ya zagaye. Kafin sati ya ƙare gidanmu ya rage shi kaɗai a tsakiyar wani fili fetal, ba inuwa, ba muryar kowa. An datse famfo, an kwashe wayoyin wuta. Na roƙi Inna ta zo wurina, ta ƙi.

"In mai binciken ya zo ya tarar ba kowa fa? Sai ya sake rubuta ba a samu mutum ba."

Gaskiyarta ce, ban ja ba. Kullum kafin in tafi aiki sai in ɗauro jarka biyu na ruwa a keke in kai mata. Nakan same ta ta share ƙofar gida tas, ta tara sharar a gefe, ta zauna tana fuskantar inda lungu yake a da. Manyan motocin ɗan kwangila na wucewa ta dama da hagu, ƙasa na girgiza, kwanukanta na kaɗawa a kan kantar ɗakinta.

A sati na shida mai bincike ya zo. Matashi ne mai takalmi mai sheƙi, bai ko kashe motarsa ba. Ya shafa bango, fari ya manne a yatsansa. Ya shafa ja, ya sunsuna. Ya rubuta wani abu. Inna ta ce ya shigo ya ga katakon rufi yadda hayaƙin shekaru ya mayar da shi baƙi, ya ga dokin ƙofar da ƙafa ta siɗe har ya yi santsi. Ya ce, "Ba komai, Mama, na ga abin da na zo gani." Bai cika minti goma ba ya tafi. Inna ta ce yaron akwai ladabi.

* * *

"Zauna," in ji oga safiyo. A shekara sha tara wannan ne karon farko da ya ce in zauna a ofishinsa, don haka na san ba lafiya.

Ya karanta mini rahoton. Sabon gini ne, an yi shi bayan rajista, an shafe shi da fari, an yi masa alamar jabu don a ci gida a sabuwar unguwa.

"Fari sabo, ja sabo," in ji oga. "Wa ya sake sa jan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ban ji ba. Kai ma ba ka faɗa ba." Ya tashi ya tura ƙofa. "Ka ɗauki fentin hukuma ba umarni, ka je ka sa a gidan mahaifiyarka. Ka san sunan wannan a gaban kwamiti? Saura maka shekara shida ka yi ritaya. Yaranka nawa?"

"Biyar. Amma ranka ya daɗe, kai ka nuna gidan da hannunka. Yana cikin littafinka."

"Littafina ya ce akwai, rajista ta ce babu. Rajista ce darakta ya sa wa hannu ya kai sama. Ka taɓa ganin an koma sama an ce an yi kuskure saboda gida ɗaya?" Ya zauna, ya dafe goshi. Shi ma ya tsufa a aikin nan. "In na buɗe baki dole a tambayi wa ya sake sa jan. Kai za ka tafi, gidan kuma duk da haka zai tafi. Ɗan kwangila ya kawo ƙara har sau uku, gini ɗaya ya tsare masa aiki. Ka san abin da ya rage."

Na sani. A sito akwai wani gwangwani da ba mu cika buɗewa ba, baƙin fenti. Shi ake sa wa ginin da hukuma ta ce ba shi da haƙƙin zama, a ba mai shi kwana bakwai ya kwashe, ba fili, ba komai.

"Zan iya tura wani," in ji oga.

"A'a. Ni zan je."

Wannan karon ban taɓa bango ba sai da na durƙusa a gabanta na gaya mata komai, ban rage ba. Wata tifa ta wuce, muka jira ƙararta ta lafa.

"In ka yi magana korarka za su yi?"

"Haka suka ce."

"To ka ja bakinka. Yara biyar ba wasa ba ne." Ta dubi gwangwanin. "Sa musu. Wannan ba zan taɓa ba."

Na sa. Babu maƙwabci ko ɗaya da ya rage da zai tsaya ya nuna. Na so in yi kuka, kukan ya ƙi zuwa, sai wata irin gajiya da ta sauko mini tun daga kafaɗa har tafin ƙafa.

* * *

Ɗakina ɗaya ne da 'yar rumfa, a gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da banɗaki guda. Uwar yara ta bar wa Inna gado, Inna ta ce ita da gadon surukarta har abada, ta shimfiɗa tabarma a bayan ƙofa. Ni na koma rumfa. Muka zama mu takwas.

Ba a yi faɗa ba ko sau ɗaya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Inna ta shiga rage kanta. Takan riga kowa tashi don kada ta bi layin banɗaki da buta a hannu cikin matan da ta haifi kamarsu. Ta naɗe tabarmarta ta cusa a ƙarƙashin gado, ta fita ta zauna a jikin katanga har rana ta faɗi, wai don yara su samu wurin yin aikin makaranta. In an zuba mata abinci sai ta ci rabi ta ce ta ƙoshi. Matar da muryarta ke kaiwa ƙarshen lungu in ta kira ni, yanzu sai ka matso kake jin me ta ce. Uwar yara ta same ni a rumfa ta ce, "Baban yara, ka yi wani abu, Inna na ƙarewa a gabanmu." Na ce to. Iyakar abin da na iya shi ne in sake rubuta koke, da sunan Inna wannan karon, in koma kan benci.

Wata rana Mai Niƙa ta bugo waya. Ta ce ɗakunan ƙanana ne, ruwa sai ranar Asabar, mota sai an yi tafiyar rabin awa, amma gidan da ke kusa da nata har yanzu a kulle yake, ba a ba kowa ba. Inna ta ce, "Ki riƙa share ƙofar, kada ciyawa ta cinye." Bayan wata biyu ta sake bugowa ta ce an ba wani mai mota, ba ta taɓa ganinsa a tsohuwar unguwa ba, ya zuba 'yan haya. Inna ta ce Allah ya sa alheri, ta miƙo mini wayar.

Wata goma sha huɗu muka yi haka. A tsakani aka gama titin, aka buɗe shi da jiniya da almakashi, muka gani a talabijin ɗin maƙwabta. Wakilin mai gidan haya ya zo sau biyu yana ƙirga kawuna da ido, ya ce banɗaki na cika da wuri. Yayata da ke aure a wani gari mai nisan yini guda ta yi ta bugowa, ta ce mijinta ya ce akwai ɗaki a bayan gida. Tun muna yara Inna ke cewa duk abin da zai same ta ba za ta ƙare rayuwarta a gidan suruki ba. A wannan birnin aka yi mata aure, nan kabarin mahaifinmu yake, nan take son a sa ta.

Wata safiya ina ɗaure takalmi ta ce, "Kira yayarka. Ka ce mata ina tafe."

"Inna, koken bai fito ba tukuna. Malamar ta ce in dawo wata mai zuwa."

"Ka gaji, ɗan nan," ta ce. "Ni ma na gaji. Kira ta."

* * *

Na sama mata kujerar gefen taga a babbar bas, na zauna kusa da ita. Kayanta akwati ɗaya ne da ƙullin zannuwa. Uwar yara ta rako mu tasha tana share ido da gefen mayafi, Inna na ce mata ta koma, tukunya na kan wuta.

Bas ta kutsa ta cikin kasuwa, ta sha cunkoso, sannan ta hau sabon titin. Ƙarar tayoyi ta sauya, girgiza ta ɗauke. Layi uku zuwa, layi uku dawowa, kwalta baƙi wuluk, fitilu a jere. Direba ya gyara zama ya taka mai.

"Wannan shi ne titi," ya ce wa na kusa da shi. "A da, awa biyu nake yi kafin in fita garin nan. Yanzu minti goma sha biyar."

Fasinjoji suka amsa masa, kowa na yabawa. Ba ƙarya suka yi ba, titi ya yi kyau.

Inna ta taɓa gwiwata. "In mun zo wurin ka gaya mini."

Ba wanda ya fi ni sanin wurin. Na ga bishiyoyin unguwar manya sun taso a hagu, kore shar a bayan katangunsu. Na ji bas ta ɗan karkata, mun shiga gwiwar. Na fara ƙirga fitilu. A ta tara ne.

"Inna, nan ne."

Wuyanta ya daɗe da yin tauri, a hankali take juyawa. Ta dafa kujerar gaba, ta karkata jiki, ta kai fuskarta jikin gilashi. Kafin nan mun bar fitila biyar a baya, bas ta fara hawa gadar sama.

"Ina?"

"Mun wuce."

Ta ci gaba da kallon waje. Ba komai sai kankare da bayan wasu motoci.

"Ta kan ɗakina muka bi, ko ta tsakar gida?"

Layin da muke kai shi ne na tsakiya, kuma na san ta kan ɗakinta ya bi, don ni na kafa turkensa a gindin tagarta.

"Ta tsakar gida, Inna."

"To," ta ce.

Ta jingina da kujera, ta haɗa hannuwa a cinya, ta rufe ido. Direba ya ƙara muryar rediyo.